Shari'ar Adda da Gatari

Mijina ya yi aikin magatakardan kotu har ya yi ritaya, kuma ban da ciwon baya, abin da ya fito da shi daga aikin nan kalma ɗaya ce: a ɗaga. Gyaran famfon banɗaki, a ɗaga. Fentin falo, a ɗaga zuwa bayan damina. Ina jin ba don iyayena sun tsaya kai da fata ba, da ɗaurin aurenmu ma har yau ana jiran ranar zama na gaba.

Tun Auta tana firamare ya yi mata alƙawari. Ta ga hoton wasu mutane a littafin makaranta sun kafa tanti a bakin kogi suna hura wuta, ta kawo masa, shi kuma bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce zai kai ta gandun daji su kwana, su biyu, su sari icensu, su dafa shayinsu da kansu. Yarinya ta riƙe maganar kamar ajiya. Duk hutu sai ta tuna masa, duk hutu sai a sami dalili: ruwa ya yi yawa, jarrabawa ta matso, motar tana wani ƙara da bai yarda da shi ba. Ana haka Auta ta gama makarantar jinya, ta sami aiki a wani asibiti mai nisan wuni guda a mota. Tsakiyar mako mai zuwa za ta fara. Wannan Asabar ɗin ita ce ta ƙarshe da take da ita a gidanmu, kuma kowa a gidan ya san haka, har shi.

Ƙawarta da suka sami aikin tare tana da motar da za ta kai ta ranar Asabar da sassafe, akwai wurin mutum ɗaya har da akwatuna. Auta ta ce a'a, ita da Babanta za su daji, daga baya ta bi motar haya ta sha wahalar kayanta. Da na ji haka sai na tausaya mata, don ni na fi ta sanin mutumin.

Kada in ci haƙƙinsa, wannan karon ya motsa. Ya sayi tanti, ya sayi tocila da igiya da ƴar tukunya mai marfi. Abu ɗaya ya rage, abin sara. Adda za a ɗauka ko ƙaramin gatari?

Na ce, "Baban Auta, ka ɗauki duka biyun mana. Motar ce za ta ɗauka, ba kai ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Inda za mu, mota ba ta shiga. A baya za mu goya kaya. Mutumin da nake kallo a waya ya ce duk abin da ya ƙara maka nauyi a daji maƙiyinka ne."

"Shi mutumin wayar da shi za ku je?"

Washegari aka buɗe zama a teburin cin abincina. Ya aro adda wurin maƙwabcinmu mai lambu, ya aro gatari wurin yayana, wanda yara ke kira Kawu. Ya shimfiɗa jarida ya jera su, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya ɗauko sikelin da nake auna fulawa ya auna kowanne, ya mayar mini da shi da tsatsa. Sannan ya kira shaidu.

Mai lambu ya zauna a kujerata yana shan shayina. Ya ce, "Malam, daji ba gungume ba ne. Ciyawa ce, da ƙaya, da sarƙaƙiya. Da gatari za ka share wurin kafa tanti? Da gatari za ka buɗe hanya? Adda ta yanka igiya, ta fere sanda, ta sare reshe, in maciji ya taso ka tare shi daga nesa."

Kawu ya yi tsaki. "In an yi ruwa fa? Duk kirare sun jiƙe. Ina za ka sami busasshe in ba ka faskara gungume ka ciro na cikinsa ba? Ka faskara da adda mu gani. Ga shi bayan gatari guduma ne, da shi za ka buga turakun tanti. Ƙota ta karye ka sassaƙa wata a wurin. Adda ta karye sai ka zauna ka yi mata ta'aziyya."

"Wa ya taɓa ganin adda ta karye?"

"Wa ya taɓa ganin ka kwana a daji?"

Mijina yana tsakiya yana gyaɗa kai ga wannan, yana gyaɗa kai ga wancan, fuskarsa cike da annuri. Tun da ya bar aiki ban ga ya ji daɗi irin na ranar ba. Da suka gaji, sukari kuma ya ƙare, sai ya tattara hannuwa ya ce kowane ɓangare ya kawo hujja mai ƙarfi, don haka a ɗaga zuwa jibi, za a yi gwaji.

Gwajin a tsakar gidana aka yi shi. Ya sa aka kawo masa wani gungume, ya kai masa sara da adda, adda ta shige ta ƙi fita, sai da mai lambu ya taka gungumen suka ja su biyu. Ya koma kan shingen furannina da gatari, rassan suna lanƙwasa suna dawowa, shi yana sarar iska. A sara na ƙarshe ya sami igiyar shanya, wankin da na yi tun safe ya sauka a ƙasa. Na tsaya a ƙofar kicin ina kallon zannuwana cikin taɓo. Ya share gumi ya ce, "Kin ga? Kowanne da inda yake da rauni."

Na ce, "Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Shagon masu kayan ƙarfe kuwa, ya yi ta zuwa har mai shagon ya ajiye masa kujera. Rannan na bi shi don in ga da idona. Shago ne dogo mai duhu, addunan suna rataye jeri a bango cikin kube, gaturan a kwando kusa da kanta, wurin duk warin mai da sabon ƙarfe. Mai shago yana hango mu ya fara sauko da kaya ba a tambaye shi ba.

"Ranka ya daɗe, yau za a yanke hukuncin?"

"Ba ni wannan mai jan ƙota in sake ji."

Ya riƙe, ya girgiza, ya ajiye. Ya zare adda ya duba kaifinta a hasken ƙofa, ya mayar. Ya tambayi ƙarfen wace ƙasa ne. Mai shago ya dube ni, na dube shi, muka tausaya wa juna. Muka fito hannu rabbana.

A mota na kasa haƙuri. "Wai kai me kake tsoro? Daji ne ko yarinyar? Ta bar mota ta kyauta saboda kai. Jakarta tana bakin ƙofa a ɗaure, tana wucewa tana taɓa ta. Alƙawari kaya ne, Baban Auta, kai kuma ka mayar da shi matashin kai."

Ya ci gaba da tuƙi har muka wuce shatale-tale. Can ya ce, "In na kai ta can na kasa hura mata wuta fa? Ni fa ban taɓa sarar ice ba sai shekaranjiya. A wurinta har yanzu ni mai iyawa ne."

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Amma haushin ya fi yawa, don ita Auta ta daɗe da sanin ubanta ko ƙwan fitila sai ya kira mai gyara, kuma ba ta fasa son zuwa da shi ba. Na gaya masa haka.

Ranar Juma'a ya fita tun hantsi bai ce ga inda za shi ba, ya dawo da la'asar yana wani murmushi shi kaɗai. Bai shigo da komai ba. Muna zaune a falo, Auta tana ninke fararen kayan aikinta, sai ta ɗago kai a hankali, irin na mai tsoron amsa.

"Baba, tafiyar gobe fa?"

Yana neman silifas ɗinsa a ƙarƙashin kujera zai tafi masallaci. Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Ɗagawa za mu yi, in Allah ya so."

Ya fita abinsa.

Auta ta ce, "To," ga ƙofar da ta riga ta rufe. Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta tashi ta ɗauke jakar goyon nan daga bakin ƙofa, ta shiga ɗaki, na ji tana waya da ƙawarta tana tambaya ko wurin nan yana nan. Ni kuwa na rantse a raina ba zan yi masa magana ba, don in na buɗe baki maƙwabta za su ji. Ya dawo, na ajiye masa abinci na ba shi baya. Ya ce yau gidan shiru, na ce haka Allah ya so.

Da safe bayan sallah bai dawo gida ba, motarsa ma ba ta nan. Motar ƙawar ta iso tana ta hon. Auta ta kira wayarsa don ta yi masa sallama, muka ji tana ƙara a ɗaki inda ya bar ta a caji. Ta jira, direba ya sake danna hon. Ta rungume ni ta ce, "Mama, ki gaishe shi. Ki ce ban yi fushi ba." Na ɗora mata akwatuna da hannuna, na tsaya a bakin titi har suka sha kwana.

Rana ta ɗaga sosai sannan na ji motarsa. Ya shigo da wata hula mai faɗin baki da ban taɓa ganinsa da ita ba, da takalma masu igiya, fuska kamar ango. A hannunsa ƙaramin gatari ne sabo, sai walƙiya yake yi.

"Ina Auta? Ta fito mana, rana na yi! Mai wasa wuƙaƙe ne ya tsayar da ni, ga layi a gidan mai." Ya ɗaga gatarin. "Shi na zaɓa. Na ga ƙotarsa ba ta da kauri, za ta yi wa hannunta daidai."

Na ce, "Auta ta tafi."

"Ina?"

"Wurin aikinta. Ba kai ka ce an ɗaga ba?"

"Ni? Cewa na yi ɗagawa za mu yi! Mu ɗaga, mu kama hanya, yadda jirgi ke ɗagawa!"

Sai da na zauna a kan matakala. Na ce, "Bawan Allah, tun da nake a gidan nan, yaushe kalmar nan ta taɓa nufin tafiya a bakinka?"

Ya ruga ɗaki da takalmansa a kan kafet ɗina, ya fito da waya, ya buɗe murya yadda ni ma zan ji. Ta ɗauka. Ya yi ta bayani yana haɗa magana da magana, tanti yana but ɗin mota, an sha mai, an wasa gatari. Tana saurare, muna jin ƙarar hanya ta bayanta.

"Ki ce su sauke ki a garin da ke gaba," ya ce. "Ki jira ni a tasha."

"Baba," ta ce, kuma muryarta ba ta da faɗa ko kaɗan, "in na sauka da akwatunana motar nan ta tafi ta bar ni, ka tabbata yau za ka zo?"

Amsar kalma ɗaya ce, ni ma ina faɗinta a raina. Amma na ga idonsa ya tafi kan agogon hannunsa, daga nan ya tafi sama inda hadari ya ɗan haɗu ta gabas. Ya ja numfashi ya ce, "To, bari mu duba, in aka yi la'akari da nisan..."

"Ba komai, Baba," ta ce. "Na gode da gatarin. Allah ya kai mu wani hutun."

Wayar ta katse. Ya daɗe yana riƙe da ita a gaban bakinsa. Na tara maganganu na shekaru da nake jiran ranar faɗa masa, ga rana ta zo, na neme su na rasa. Ya cire hular a hankali, ya je ya buɗe but, ya fara sauke kaya ɗaya bayan ɗaya. Na tashi zan kama masa tantin, ya ce in bar shi, zai iya.