Ranar da Shugaba Ya Kai Mu Teku

Abdulbaƙi ne shugaban ƙungiyar ɗaliban Arewa da ke zaune a Wangsa Maju, wata unguwa a ƙasar wajen da suka je karatu, kuma tun da aka zaɓe shi babu abin da ya tsinana sai sauya hotonsa a wasaf. Da surutu ya yi yawa, sai ya sanar cewa zai kai kowa bakin teku ranar Asabar. Walida, matar wani ɗalibin digiri na uku mai suna Muhyiddeen, ta fito da leshin da take ɓoyo don biki. Samari suka zo da baƙin tabarau, wani har da ƙwallo.

Bas ta sauke su can wajen Kuala Selangor, a wani gandu da aka keɓe wa tsuntsaye da itatuwan da ke tsira cikin ruwan gishiri. Ruwa ya janye. Babu yashi, sai baƙin taɓo iya ganinka, ga wari kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai. Wasu kifaye masu ƙwala-ƙwalan idanu na jan ciki a kai.

Walida ta dubi Abdulbaƙi ta ce, "Ranka ya daɗe, ina tekun?"

Ya nuna can nesa da baki, ya ce yana nan tafe, a dai yi haƙuri. Ashe shi ma bai taɓa zuwa wurin ba, hoto kawai ya gani a waya.

Wannan bai hana shi jawabi ba. Ya tsaya a kan gadar katako yana bayani a kan muhalli, yana kiran balbela da shamuwa, mutane na ta marin sauro a wuya. Ga allo an rubuta kada a ba birai abinci, amma Shugaba na son hoto da biri. Ya miƙa wa ɗaya ayaba. Kafin a ɗauki hoton dangin birin sun sauko, suka yi awon gaba da ledar shinkafar da aka ƙunso daga mamak, wato shagon abincin unguwarsu, abincin ranar mutane duka.

Ya bi su da gudu yana daka musu tsawa, ƙafarsa ta zame daga kan katako, ya nutse cikin taɓo har cinya da farar shaddarsa. Ba wanda ya motsa sai da kowa ya gama ɗaukar bidiyo. Daga baya Muhyiddeen ya jawo shi, takalman suka zauna a can.

Direba ya ƙi barinsa ya hau da wandon, dole Walida ta ara masa zanen da ta zo da shi don shimfiɗa. A hanya ya miƙe riƙe da zanen a ƙugu, ya fara gode wa jama'a bisa nasarar tafiya, ya ce wata mai zuwa dutse za a hau.

Walida ta taɓa mijinta ta ce, "Ka ce masa ya zauna. Zanen kuma ya riƙe, na bar masa."