Famfon Layin Inna Hajo

"Ban gama ba, Alhaji," in ji Inna Hajo, ta ƙi sakin lasifikar. "Ku da ƙungiyar da ta ba da tallafin, wa ya gwada ruwan nan kafin ku ce mu sha?"

Atika, maƙwabciyarta, ta ɗan ja mata mayafi, amma tsohuwar ko waiwaye. Ita ce shugabar matan layin a Tudun Wada, ita ta tattaro su zuwa taron. Tun da aka haƙa musu burtsatse mai sola a gefen babbar kwata, ruwan yake wani irin wari duk ranar da aka yi ruwan sama.

Alhaji Zulkiflu, ɗan kwangilar, ya yi murmushi. "Inna, ki kwantar da hankalinki. Za mu kawo muku bayani."

"Rijiya mai zurfi aka ce an biya. Mu kuwa a gabanmu injin ya zo da safe ya tashi da la'asar. Ku kira masu tallafin, mu zauna ido da ido."

Aka tafa, aka raba lemo, motoci suka tafi.

Bayani bai zo ba. Damina ta kankama, kwata ta cika ta tumbatsa. Masu kurar ruwa kuwa sun daina shigowa layin tun da aka sami na kyauta, saboda haka kowa famfon yake ɗiba.

Wata Talata da hantsi Atika ba ta ji ƙamshin ƙosan Inna Hajo ba. Ta leƙa, ta same ta kwance a tsakar gida, amai da gudawa sun galabaitar da ita, idanu sun faɗa ciki.

"Atika, ki riƙa tafasa wa yaranki ruwan nan," ta ce, murya da ƙyar. "Kuma ku koma wurin su Alhaji. Kada ku bari maganar ta kwanta."

"Za mu koma tare, Inna. Ga keke mai ƙafa uku nan an kira, a kai ki asibiti."

Ba su kai unguwar Kwangila ba hannun tsohuwar ya saki na Atika.

Bayan azahar aka fito da makara. Atika ta tsaya a bakin zaure, hawaye na zuba. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas. A gindin famfon maza sun yi layi da butoci don sallar gawa, kowa ya tsuguna yana kurkure baki.