Abin Kunnen da Na Zaɓa wa Auta

Shekara ashirin da biyu ina tsaye a gaban injin yanka katako, shi ya cinye mini kunne. Ban kurumce gaba ɗaya ba. Ina jin tsawa, ina jin mota, amma kukan tsuntsu ya yi mini sallama tuntuni. Likita ya ba ni wata takarda mai zanen layi. Layin ya taho daidai daga hagu, da ya kusa dama sai ya gangara kamar ya faɗa rijiya. Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Na ninke takardar na sa a walat.

Autata mawaƙiya ce. Tana cikin wata ƙungiya mai ganga da jita da fiyano. In za ta yi waƙa sai ta toshe kunnuwanta da wasu 'yan abubuwa masu waya, ta cikinsu take jin muryarta da kiɗan 'yan uwanta. Abin kunne muke ce musu a gida. Wata rana ta dawo daga atisaye, mamanta ta kira ta sau uku daga kicin ba ta waiga ba.

"Kunnena ne ke ɗan yin ƙara," in ji ta da na taɓa kafaɗarta. "Kamar sauro ya shiga."

Nawa ma da sauro ya fara.

Akwai ɗan akwati da take ratayawa a ƙugu, mai maɓallin ƙara sauti daga ɗaya zuwa goma. Na tambaye ta a nawa take barinsa.

"Tara, Baba. In ban kai tara ba ganga ta binne ni, ba na jin kaina."

Washegari ban gaya wa kowa ba na tafi shagon kayan sauti. Mai shago ya jera mini abin kunne kala biyar. Huɗu na ji su dishi-dishi, na biyar kuwa tangaran, har numfashin mawaƙin na ji. Na kusa yin hawaye.

"Wa za ka saya wa, Baba?" in ji mai shago. "Gara mai shi ya zo ya gwada."

"Kunne ai kunne ne," na ce masa. "Naɗe mini."

Auta ta karɓa da hannu biyu, ta yi ta godiya. Bayan mako biyu na rufe shagona na kafinta da rana tsaka na bi ta ɗakin atisaye, in gani da idona. Ɗaki ne da aka manna wa soso a bango, wayoyi a ƙasa kamar saiwar bishiya. Na same ta tana waƙa da abin kunne ɗaya, ɗayan yana lilo a kafaɗarta. Duk lokacin da mai ganga ya daki farantin ƙarfensa sai ta runtse ido.

Mai haɗa musu sauti, wanda suke ce wa Injiniya, ya hango ni ya tsayar da kiɗan.

"Baba, kai ne ka sayo mata wannan allura?"

"Yana da kyau, Baba," Auta ta yi saurin cewa. "Wallahi yana da kyau."

"Yana da kyau a kafaɗa," in ji mai ganga, suka kwashe da dariya.

Na juya akwatin ƙugunta. Goma.

Injiniya ya ja mini kujera ya buɗe kwamfuta. Ya ce kowane abin kunne da irin ɗaurin da aka yi masa. Ya nuna mini wani layi: hagu sauti mai kauri irin na ganga, tsakiya muryar mutum, dama sauti siriri mai kaifi. Na abin kunnen Auta ya kwanta a tsakiya, sannan ya miƙe tsaye a dama kamar dutse.

Na daɗe ina kallonsa. Sai na ciro takardar likita na buɗe kusa da allon. Inda nawa layin ya faɗa rijiya, nan nasa ya hau dutse.

"Ka gani," in ji Injiniya a hankali. "Kai ya cike maka rami. Ita kuwa soka mata yake yi. Sai ta cire ɗaya ta huta, ta ƙure ƙarar ɗayan don ta ji muryarta."

Garin neman gira na kusa rasa ido. Na miƙe.

"Auta, ɗauko jakarki."

"Baba, ba mu gama ba."

"Waƙa ba za ta gudu ba. Injiniya, don Allah ka raka mu."

Muka koma shagon kayan sauti. Mai shago na ganina ya washe baki. "A'a, Baba kunne-kunne-ne ya dawo!"

Na shanye. Na zauna a benci na harɗe hannuwa, na yi wa kaina alkawari ba zan sa baki ba. Auta ta gwada wannan ta cire, ta gwada wancan ta sake komawa kan na farko. Injiniya yana duba layin kowanne. A ƙarshe ta riƙe wani baƙi marar kwalliya, wanda kaurinsa bai yi yawa ba, tsakiyarsa ta ɗan taso, damansa ya sauka a hankali.

"Ji, Baba."

Na sa. Kamar an lulluɓe rediyo da bargo. Maganar ta zo har bakina na haɗiye ta.

"Ke yaya kika ji shi?"

"Ina jin kaina kusa."

"To shi ke nan."

Muka koma ɗakin atisaye. Injiniya ya rage gangar da ke shiga kunnenta, ya ɗan turo muryarta gaba. Na tsaya a bayanta na mayar da maɓallin kan uku. Ta fara baiti, ta girgiza kai. Na matsa zuwa huɗu. Ta ɗaga mini yatsa, ta ci gaba, kunnuwa biyu a toshe, ido a buɗe. Har aka gama waƙar hannunta bai je ƙugu ba.

Ranar Litinin na kai ta wurin likitana, tana ta mita a hanya. Layinta ya ɗan lotsa kaɗan a dama. Ya ce in ta kiyaye, zai iya tsayawa a nan. Yanzu duk ranar da ta dawo sai na duba akwatin, tana ce mini ɗan sandan maɓalli. Ta faɗi abin da ta ga dama.

Jiya muna zaune ina gyara ƙafar kujera, sai na ji ta ce, "Na'am, Mama, ina zuwa." Ta tashi ta nufi kicin. Ni ban ma ji kiran ba.