Bugun Hannun Malam Gwada-mu-gani

Tun da na ga 'yata Auta ta saki hannun Malam ta sake kamawa, na san akwai matsala. Yarinyar nan ba ta yin shiru sai da dalili.

Malam maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma shi ke koyar da su Auta kimiyya a firamare. Yara suka sa masa Gwada-mu-gani, don kowace tambaya aka yi masa amsarsa ke nan. Saboda shi kofunan gidana suka koma bakin taga cike da auduga da ƙwayar wake, saboda shi aka farke min tocila aka zare batir. Ni da karatuna bai yi nisa ba, kullum tsorona kada su ƙona mana gida.

Aikin gida na makon nan shi ne su taɓa wuyan hannun mutane, su ji bugun zuciya kafin gudu da bayansa. Ni ma sai da Auta ta sa na zagaya tsakar gida ina haki. Da yamma muna zaune kan benci a ƙofar gida, Malam ya miƙa mata hannu.

"To likita, zo ki duba tsoho."

Ta ɗora yatsu biyu, ta saki, ta sake ɗorawa.

"Malam, naka ba irin na Baba ba ne. Yana tafiya sai ya tsaya, sai kuma ya taho da gudu."

"Ke, rufe mana baki!" na ce.

"Ƙyale ta. Abin da ta ji ta faɗa, shi nake koya musu." Ya kama hannunsa da kansa, sannan ya yi dariya. "Tsohon inji ne, sai da tari yake tashi."

"Malam, don Allah mu je asibiti. Ga babur ɗina nan."

"Kai dai da tsoro! A ƙyasta ashana ka kira 'yan kwana-kwana. Gobe muna da gwajin balan-balan, na yi wa yara alkawari. Ana tashi zan biya asibitin."

Washegari da hantsi ina shago ina ɗinki, Auta ta faɗo ciki ba takalmi, jan balan-balan a hannunta.

"Baba, babu! Na canza wuri yadda ya koya mana, babu!"

Sai daga baya na haɗa labarin. Malam yana cikin hura balan-balan ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango, ya rufe ido. Ya saba yi musu barcin ƙarya don su ji yadda bugu ke raguwa. Sai suka yi layi suna dariya, kowa ya taɓa hannunsa ya wuce. Wani ma ya ce, "Malam ya iya ɓoye nasa!" Sai da layi ya zo kan Auta.

Da na isa, an kwantar da shi a ofishin shugaban makaranta, an rufa masa zanen tebur. Farin alli na nan a yatsunsa. Na zauna a bakin ƙofa.

Yanzu kowace safiya, kafin in fita, Auta sai ta kama wuyan hannuna ta ɗora yatsu biyu. Ina tsayawa har ta saki. Waken bakin taga ya tsiro, duk ya karkata wajen haske.

Matarsa ta ce bai taɓa kukan ƙirji ba. Har yau ba mu san ko ya daɗe da sanin abin da Auta ta ji ba.