Cokali Uku Bayan Atisaye

Hasumiyar atisaye ta tashar kashe gobara hawa bakwai ce. Duk shekara sai kowane ma'aikaci ya hau ta da mesa a kafaɗa, cikin minti uku. Wanda ya kasa sau uku, an sauke shi daga mota ke nan, a zaunar da shi a ɗakin waya. Wani ma'aikaci da ake kira Tsani ya kasa sau biyu. Saura mako huɗu a yi na ukun.

Tun yana sabon shiga aka laƙaba masa sunan, don shi ke fara damƙar tsani kafin mota ta gama tsayawa. Shekara ashirin da uku ke nan. Yanzu kuwa daga hawa na biyar ƙafafunsa sai su yi kamar an ɗura musu yashi, washegari ma ba su dawowa daidai.

"Kai tsoho, mai ne ya ƙare a tanki," in ji direban motarsu, suna zaune a bakin famfo. "Ka ga 'yan bana-bakwai ɗin nan? Wani farin gari suke damawa bayan atisaye. Je ka sayi naka, ka bar haki kamar tsohon janareta."

Ranar hutunsa ya tafi kantin kayan motsa jiki, matarsa na biye da shi. Mai kantin ta sauko da robobi uku ta jera a kan tebur.

"Wannan dekstros ne, Baba, sukari ne zalla, nan take yake shiga jini. Wannan maltodekstirin, daga sitaci ake yin sa. Ba shi da zaƙi a baki, amma shi ma ba ya ɓata lokaci. Na ukun hatsi ne niƙaƙƙe, a hankali yake tafiya."

"Ni ba ni da a hankali. Wanne ya fi gudu?"

Mai kantin ta dube shi, ta dubi wuyan rigarsa da ya yi masa yawa. "Gajiyar taka wace iri ce?"

"Ƙishirwa ce ta fi damun sa," in ji matar, murya ƙasa-ƙasa. "Ko ya shanye tulu..."

"Ke aka tambaya?"

"In da ƙishirwa haka, Baba, gara a fara ganin likita," in ji mai kantin.

"Likitan ne zai hau mini benen?"

Ba taurin kai kaɗai ba ne. A tasharsu ba wanda ke zuwa asibiti gab da gwaji, don duk abin da likita ya rubuta, fayil yake shiga, kuma fayil ba ya mantuwa. Haka ya tarar ana yi, haka ya koya wa na bayansa. Ya rungumi robar dekstros suka fito.

A jikin robar an rubuta cokali ɗaya a rabin lita. Matar ce ke damawa a gorar roba, ta ajiye masa kusa da takalmansa. Makon farko ya yi cokali ɗaya, ƙafa ba ta sauya ba. Ya ce a yi biyu. A mako na uku ya ce uku, har garin yana kwanciya a gindin gora kamar laka.

Tana ganin abin da ba ya so a gani. Ya huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa. Yana nisanta takarda da fuskarsa, ya kusanto da ita, ya ajiye. Ban-ɗaki kuwa kamar can ya koma da zama.

Wata safiya ta same shi yana ɗaura takalmi.

"Baban yara, tururuwa suna taruwa a ban-ɗaki. Inda ka... bayan ka fito."

"Ki watsa musu ruwan zafi."

"Yayata ma haka nata ya fara."

Ya ɗago. Ba tsawa ya yi ba, da ma tsawar ce da ta fi sauƙi. "Ke ma kin zaunar da ni a ɗakin waya ko? Kwana shida ya rage. Ki bar ni in hau, daga nan ki kai ni duk inda kike so."

Ta tsaya da gora a hannu. Sannan ta buɗe robar, ta auna uku.

Ranar gwaji an kafa tebur a gindin hasumiya. Nas tana auna jinin kowa kafin ya ɗauki mesa. Bara awon hawan jini kawai aka yi, bana an ƙara da tsire yatsa don awon sukari. Tsani ya miƙa hannu yana kallon hawa na bakwai.

Nas ta dubi na'urar, ta goge wani yatsan, ta sake. "Baba, me ka sha?"

"Na atisaye ne. Na ƙarin ƙarfi."

"Ba lamba ma ta nuna ba. Ya wuce inda take iya karantawa." Ta jawo takarda. "Ba za ka hau ba. Asibiti za ka, yanzu."

"'Yata, minti uku ne. Ki riƙe biron nan minti uku kacal."

"In ka faɗi a hawa na biyar, wa zai sauko da kai?"

"Ni nake sauko da mutane."

Ta riga ta rubuta. Direba ne ya kai shi asibiti a ƙaramar motar tasha, bai yi wasa ko ɗaya ba a hanya.

Kwana tara ya yi a gado. Likita ya ce ciwon sukarin ya daɗe a jikinsa, garin dekstros ɗin rura shi kawai ya yi. Ya ɗauko wani siririn tsinke yana taɓa tafin ƙafarsa. "Ka ji nan? Nan fa?" Tsani yana kallon silin. Bai ji ba. Likita ya ce ƙafar da ba ta jin matakala ba a ɗora ta a kan tsani.

"Da mun zo da wuri fa?" in ji matar.

Likita ya rufe fayil ɗin. "Da wataƙila."

Da aka sallame shi, aka mayar da shi ɗakin waya. Ɗakin yana da taga ɗaya, tana kallon garejin motoci. Tebur, waya biyu, littafin rubuta adireshi. Da azahar matar ta kawo masa abincin da likita ya yarda da shi, ta zauna a benci, ba ta buɗe kwanon ba.

"Ni na dama maka," ta ce. "Ina gani, ina aunawa."

"Ni na ce ki auna."

"Ai hannuna ne."

Waya ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya rubuta layi da lambar gida, ya danna ƙararrawa. Kafin ya farga ya riga ya miƙe, hannunsa na laluben hular kwano a bangon da ba ƙusa. Ta taga ya ga wani ya damƙi tsani, direba ya ja mota bai waiwayo ba.

Ya daɗe a tsaye, hannun a bango. Ɗaya wayar ta fara ƙara.

"Baban yara," in ji matar, "ana kira."

Ya zauna.