Ƙyauren 'Yardada

Gara ta cinye ƙyauren ɗakin 'Yardada tun daga ƙasa, fenti kawai ta bari a tsaye. Da Hashim ya danna babban yatsansa a jikin katakon, sai yatsan ya nutse kamar a cikin gurasa.

"Inna, wannan ya gama," in ji shi. "Gobe zan turo a auna, a sa miki na ƙarfe."

Tsohuwar tana zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura. Hashim ɗanta ne na fari, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba, in za ta yi masa magana ma bango take kallo.

"Ni fursuna ce da za a rufe ni da ƙarfe? Akwai katakon maɗacin da mahaifinku ya jingine a soro bai samu ya taɓa ba. Da shi za a yi. Kuma irin haɗinsa nake so, wanda katako ke shiga cikin katako, ruwa ba ya samun hanya. Damina ta ƙarato, ni kuma ƙirjina ba ya son iska."

Hashim ya janye yatsansa daga katakon. Kafinta ne, ɗan kafinta, ya san abin da ta roƙa, ya kuma san ita ma ta sani.

Irin wannan haɗi haƙora biyu ke yin sa, na ƙarfe, waɗanda ake ɗaura wa rauta, injin sassaƙa gefen katako. Ɗaya ya bi gefen katako ya fitar da harshe, kafintoci suna ce masa namiji. Ɗaya ya bi gefen wani katakon ya haƙa kwarin da harshen zai zauna, ita ce macen. Tare ake ƙera su, tare ake sayar da su. Marigayi mahaifinsu Malam Abdulmalik yana da irinsu, na ƙwarai, masu kaurin ƙafar da ke shiga inji. Ranar rabon gado kawunsu Mikail ne ya zauna a kan kayan aikin. Shi kuwa marini ne daga Ƙofar Mata, baban rini ya sani, bai san ƙarfe ba. Ya zube haƙoran a tabarma yana rabawa kamar goro, ɗaya nan, ɗaya can. Namijin ya faɗa gaban Hashim, macen ta faɗa gaban ƙanensa Ado. Duk su biyun sun gani. A lokacin kuwa sun riga sun yi cacar baki, don Ado yana so a koma yin gadaje da katakon garin itace da ake mannawa, Hashim ya ce masa wannan ba kafinta ba ne, mai haɗa kwali ne. Saboda haka kowa ya ɗauki nasa ya sa a aljihu, ba wanda ya buɗe baki. Ado ya koma Gwale ya buɗe shago, Hashim ya zauna a Koki. Tun daga nan sai gaisuwar suna da ta jana'iza.

Washegari Hashim ya shiga kasuwa neman wasu. Mai shago ya buɗe masa akwati mai haƙora jere, an shafe su da fenti rawaya, suna ƙyalli.

"Sabon shigowa, Malam. Ko dutse ka ba su za su ci."

Hashim ya ɗauki ɗaya ya auna a tafin hannu, ba nauyi. Ya duba inda aka liƙa kaifin, ya ga kafa-kafa a jikin waldar. Ƙafar kuma siririya ce, irin wadda ke rawa a cikin inji in ta haɗu da katako mai tauri. Maɗacin da ya shekara da shekaru yana bushewa ba abin wasa ba ne: zai ƙona su tun a katakon farko, su kuma su yage masa gefe. Katakon nan kuwa daidai ƙyaure ɗaya ne, babu rara.

"Mayar da su," in ji shi. "Ka sayar wa masu kwali."

Da ya biya gida da la'asar, bai ma zauna ba tsohuwar ta ce wa bango, "Na riga na aika wa Ado. Asabar zai zo."

Ranar Asabar da hantsi ya ɗaga Ado ya shigo da babur, ya ɗauro janareta a baya. Ya yi ƙiba, furfura ta fara cin gemunsa. Ya durƙusa ya gai da uwarsa, sannan ya juyo.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya. Ka zo da ita?"

Ado ya laluba aljihun jamfarsa ya zaro haƙorin, haɗe da makulli da ƙusoshi biyu. Hashim ya karɓa ya ɗaga wa rana. Ta yi baƙi ƙirin da dattin gam, boris ɗinta da ƙyar yake juyawa, kaifin ya sha washi har ya rame.

"A aljihu. Da ƙusa."

"Aiki take yi, Yaya. Duk bayan durowar da ta fita daga shagona ita ta haƙa mata. 'Ya'yana da ita suka ci."

Hashim ya ajiye ta gefe. Ya buɗe gwangwaninsa, ya warware tsumma mai maiƙo. Namijin yana nan kamar ranar da aka raba shi. Duk shekarun nan bai taɓa katako ba, amma ba a fasa fito da shi ana gogewa ana ɗiga masa mai ba.

Ado ya yi dariya. "Ikon Allah. Ango bai ko tsufa ba."

"Miƙo kananzir."

Hashim ya jiƙa macen a murfin gwangwani, ya bi ta da tsohon buroshin haƙori har gam ɗin ya saki, ya ɗiga wa boris mai, ya shafa dutsen washi a shimfiɗaɗɗen gefen kaifin kaɗai. Ado yana tsaye yana kallo, hannu a ƙugu, bai ce a bari ba.

Suka fito da katakon daga soro, suka kankare shi har jan maɗacin ya bayyana. Ƙamshinsa mai ɗaci ya cika tsakar gida. 'Yardada ta sa aka ja mata tabarma bakin ƙofa, ta ce iska take sha.

Ado ya fara. Ya ɗaura macen a inji, ya tada janareta, ya bi gefen kowane katako a hankali, kaɗan-kaɗan, ba ya danna inji. Hannunsa bai karkace ko sau ɗaya ba. Hashim ya lura, ya haɗiye yabon. Sannan shi ma ya ɗaura namijin, ya ja ƙafar haƙorin sama kaɗan kafin ya ɗaure don kada ta zauna a gindi, ya fitar da harshe a katako guda. Sumul, ko gashi babu.

Suka kawo biyun baki da baki. Harshen ya tsaya a bakin kwarin, ya ƙi shiga.

"Ɗan taɓa shi kawai," in ji Ado, kafin Hashim ya yi magana ya ɗauki guduma ya buga. Sai ƙas! Gefen kwarin ya tsage, tsawon ɗan yatsa.

Aka kashe janareta. Tsakar gidan ta yi tsit, har ana jin mai tallan awara a lungu.

"Ka ga aikin kwali ko?" in ji Hashim. "A can kome da duka yake shiga."

"Harshenka ne ya yi kauri."

"Nawa yadda Baba ya bar shi yake. Taka ce ka wasa, ka wasa, har ta tsuke. Wanda ya ɓata shi ke gyarawa."

"To naka me ya tsinana? Ƙarfe a tsumma kamar layar gado! In so kake, in sake bin kwarin in faɗaɗa. Ba shi ke nan ba?"

Ado ya kai hannu ga injin. Hashim ya riƙe wuyan hannun.

Gaskiya a gefen Hashim take, ya sani. In ya bari Ado ya sake bi, Ado ne ya sunkuya, a gaban uwarsu. Amma ya kuma san katako. Bambancin bai kai kaurin farce ba, kuma babu hannun da zai sake bin kwari ya ɗebe daidai wannan daga farko har ƙarshe. Wani wuri zai yi faɗi, wani wuri gefen ya yi siriri ya tsage kamar na yanzu. Ƙyauren zai tsaya, ya yi kyau a ido, in damina ta yi nisa kuma iska ta riƙa bi ta tsakaninsa tana samun tsohuwa a gado.

Daga bakin ƙofa 'Yardada ta yi tari mai tsawo, ta tofa a gwangwani. Ba ta dubi kowa ba.

"In ba zai yiwu ba, a rataya min buhu," in ji ta. "Wanda ya kusa gida ba ya zaɓen ƙofa."

"Haba Inna," in ji Ado, muryarsa ta sauka.

Hashim ya saki hannun ƙanensa. Ya kwance namijin daga inji, ya zauna a kan turmi ya sa shi tsakanin gwiwoyinsa. Kaifi biyu ne a jikinsa, na sama da na ƙasa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce kaurin harshe. Wasu 'yan siraran washa ne ke riƙe da tazarar. Tun da ƙarfen ya zo hannunsa, sifana ba ta taɓa hawa kan notin nan ba. Ya ɗora ta, ya murɗa. Notin ya ƙi, ya sake murɗawa har jijiyar wuyansa ta tashi, sannan ya saki. Ya zare kaifin sama, ya sa farce ya ɓanɓaro washa guda, siririya kamar bawon albasa, ya ajiye a kan gwiwarsa, ya mayar da sauran ya ɗaure.

"Tada wuta."

Ya sake bin harshen. Ƙurar da ta tashi ba ta fi ta garin yaji ba. Suka juya katakon da ya tsage yadda tsagar za ta faɗa inda za a yanke, suka kawo baki da baki. Hashim ya sa tafin hannu ya tura. Harshen ya shige da ɗan nishi, layin haɗin ya ɓace, sai ka ce itacen haka ya tsiro.

Ado ya bi wurin da yatsa daga sama har ƙasa. Yatsan bai ci karo da kome ba.

Da Hashim ya miƙe ɗauko katako na gaba, 'yar washar ta zame daga gwiwarsa, ta gangara kan siminti tana walƙiya, ta faɗa cikin tarin dusar katako da ke bakin rariya. Ado ya tsuguna da sauri ya fara tonawa da yatsu.

"Yaya, tsaya. In ba ita, ba zai koma yadda yake ba."

Hashim ya dubi gabas. Hadari ya fara haɗuwa a saman rufin maƙwabta, katako kuma da saura.

"Bar ta," in ji shi. "Zo ka riƙe min nan."