Muryar Abba a Rediyon Jami'a

Harhaɗa magunguna Auta take karantawa a jami'a. Sadarwa da aikin jarida kuwa ɗan ƙari ne ta ɗauka a gefe, wai don ta riƙa hutawa da warin ɗakin gwaji. Hutun da ba ta samu ba ke nan, domin malamar da ke koya musu aikin rediyo, wadda ɗalibai ke kira Almakashi a bayan idonta, ba ta san wani abu wai shi kwas na gefe ba. Ta ce kowa ya yi hira da wani ma'aikaci, ya gyara ta, wadda ta yi kyau a sa ta a rediyon jami'a.

Auta ta zaɓi Abbanta. Shi ne mai sanarwa a tashar jirgin ƙasa, muryar nan da ke ba fasinja haƙuri in jirgi ya makara, kafin shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a gida. Ƙafa ta dawo, hannu ma ya soma, amma magana sai ya yi kokawa da ita. Zai kamo kalma ta suɓuce, ya tsaya baki buɗe, ya sake kamowa. In baƙo ya zo dubiya, sai ya juya wa bango fuska kamar mai barci. Ranar da ya amince da hirar, Umma sai da ta nemi kujera ta zauna.

A ɗakin gyaran sauti, murya tudu-tudu take fitowa a kwamfuta, shiru kuwa miƙaƙƙen layi. A hirar Abba layin ya fi tudun yawa. Almakashi ta leƙo ta kafaɗar Auta.

"Wannan fili haka, ƙwallo za a buga a ciki? Mai sauraro sai ya ɗauka rediyonsa ne ya mutu. Yanke."

"Malama, ba shi da lafiya ne."

"Allah ya ba shi lafiya. To ki rufa masa asiri mana. Ko minista ne sai mun share masa e-e-e ɗinsa kafin jama'a su ji."

Auta ta zauna ta yanke duk wani shiru. Inda ya maimaita kalma, ta ɗauki wadda ta fi fita, ta zubar da sauran, ta liƙe mahaɗar da ƙarar fankar ɗakinsu don kada kunne ya ji ɗinkin. Ta saurari aikin. Abba ne sak, na da. Almakashi, wadda yabo ke yi wa wuya, ta gyaɗa kai ta ce za a sa.

Duk da haka hankalinta bai kwanta ba. Akwai kalmomin da harshensa ya yi nauyi a kansu, kuma wannan babu almakashin da zai gyara. Tsoronta ɗaya ne, kada ya ji su ya rufe bakinsa gaba ɗaya.

Ranar da za a sa hirar, bayan la'asar, Umma ta ture kwalaben magani ta aje rediyo a kan tebur. Auta ba ta ji ko rabin shirin ba. Fuskarsa take kallo duk sanda kalma mai nauyi ta matso. Suka wuce ɗaya bayan ɗaya, ko gezau bai yi ba.

Da aka gama, ya yi murmushin da rabon su da gani tun kafin asibiti.

"Kun... kun ji? Ashe haka... nake. Ni ne... ni ne nake ganin..." Ya yi dariya, ya miƙa hannun mai lafiya. "Waya. Shugaban... tasha. Ya daina... neman wani... a madadina."

Umma ta dubi Auta. Umma tana zaune aka ɗauki hirar, ta san tsawon da ta yi kafin a gyara.

"Abba, ka bari sai gobe mana," in ji Auta.

"Goben... me?"

Gaskiyar tana bakinta. Ni na gyara, Abba, ni na cire. Ta dubi farin cikin da ke fuskarsa, ta kasa. Ya ɗauki wayar, ya danna lambar da kansa, ya buɗe sautin wayar don kowa ya ji, ya gyara zama, ya turo ƙirji kamar yana gaban lasifika.

"A'a, manyan tasha," in ji shugaban daga can. "Yau kai ne da kanka? Ya jiki?"

Abba ya buɗe baki. Leɓensa ya motsa, jijiyar wuyansa ta tashi. Fanka na juyawa, Umma ta damƙe gefen zanenta.

"Halo? Ina jin layin ne ba kyau. Ba na jin komai fa."

Abba ya sauke wayar a cinyarsa a hankali. Bai dubi Umma ba, Auta ya duba, ita kuwa ta kasa ɗago kai.